Daren Ithaca na 1977 da Matar da Ta Naɗe Shi

Ranar 8 ga Mayu, 1977, makaɗan Grateful Dead suka yi wasa a Barton Hall, wani makeken ɗakin atisaye da wasanni na Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca, jihar New York a Amurka. Ɗaya ne cikin wasanni sama da 2,300 da ƙungiyar ta yi daga 1965 zuwa 1995. Jama'a sun fito cikin dare sun tarar dusar ƙanƙara na zuba, ga shi kuwa watan Mayu, kowa ya kama gabansa. Yau masoyan ƙungiyar da yawa na cewa ba ta taɓa yin wasan da ya fi na wannan dare ba.

Su dai waɗannan makaɗa ba sa kaɗa waƙa yadda take a faifai. Sai su ɗauko waƙar minti biyar su sake mata linzami. Jerry Garcia ya ja da jitarsa, Bob Weir ya tare shi da tasa, Phil Lesh ya bi ta ƙasa da jita mai kaurin murya, Bill Kreutzmann da Mickey Hart na kan ganguna, Keith Godchaux na kan fiyano, kowa kunnensa na wajen ɗan'uwansa don ba wanda ya san inda za a sauka. Wani dare abin ya watse, kuma ya sha watsewa. A Ithaca ya haɗu. Waƙar "Scarlet Begonias" ta zarce cikin "Fire on the Mountain" na fiye da minti 20, ba ka iya nuna inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta soma. Can wajen ƙarshe suka kawo "Morning Dew", suka faro ta a hankali har ta cika ɗakin.

Ba sa'a ce kawai ba. A farkon shekarar sun sha zama a ɗakin naɗar sauti suna aikin faifan Terrapin Station, inda mai shirya faifan, Keith Olsen, ya matsa musu da maimaici har kiɗan ya zauna. Da wannan horo suka fita rangadi.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wadda ba ta hau dandamali ba. Betty Cantor-Jackson injiniyar sauti ce da ke tafiya tare da ƙungiyar. Ita ta zauna da na'urarta tana daidaita muryar kowane kayan kiɗa, ta naɗi daren a zaren tef, sautin fes, har kana rarrabe inda kowane makaɗi yake. Bayan shekaru sai hali ya matsa mata, kayanta suka koma ɗakin ajiya na haya, kuma a 1986 aka yi gwanjonsu. Cikin kayan har da tef-tef ɗin da ta naɗa. Raina yana sosuwa duk sanda na tuna cewa mai aikin ce ta rasa shi ta wannan hanya.

Wasu daga cikin tef ɗin suka faɗa hannun masoya, aka kwafe su a kaset. Dama ƙungiyar ta daɗe tana kau da kai daga masu shigowa da rikoda, a 1984 ma ta ware musu wurin tsayawa a fili. Sharaɗi ɗaya ne: a yi musaya, kada a sayar. Mutum ya aika da kaset marar komai ta gidan waya, wani da bai taɓa gani ba ya cika masa ya mayar. Haka daren Ithaca ya kai kunnen waɗanda ba a ma haife su ba a 1977.

Masu lissafin kasuwa za su ce asara ce a bar kaya suna yawo kyauta. Amma ƙungiyar da sau ɗaya tak, a 1987, waƙarta ta shiga goman farko a Amurka ta zama cikin masu cika filayen wasa fiye da kowa, domin wanda ya ji kaset yana son ya ga daren gobe da idonsa, tunda ba zai zama irin na jiya ba. Kyautar ce ta tara musu jama'a. Akwai masu cewa washegari a Buffalo, ko daren da ya gabata a Boston, kiɗan ya fi na Ithaca. Mai yiwuwa ne. Amma na Ithaca ne ya fi yawo hannu da hannu cikin sauti mai kyau, shi ya sa shi aka fi sani. Wasa komai daɗinsa, in ba a sami mai naɗa da kyau da masu miƙawa ba, da waɗanda suka halarta zai tafi.

Garcia ya rasu a watan Agustan 1995, ƙungiyar ta watse. A 2012 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da sa naɗin Barton Hall cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa. Daga baya ainihin tef ɗin Betty suka koma ma'ajiyar ƙungiyar, aka fitar da wasan a faifai a hukumance a 2017, shekara 40 bayan daren.