Rigimar harshen koyarwa: Wa zai koya wa malami koyar da karatu?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamba na shekarar 2025 ne Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar nan ta koyar da yara da harshen uwa, wadda tsohon minista Malam Adamu Adamu ya sanar a 2022, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da, a cewarsa, suka rungumi harshen uwa. Wannan hujja tana da rauni, domin kuwa yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a lokacin da aka yi sanarwar, balle a ɗora wa manufar alhakin sakamakon WAEC.

To amma ba wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne, mu masu goyon bayan harshen uwa da masu goyon bayan Ingilishi duk mun bar jaki muna dukan taiki. Ko da Hausa za a koyar, ko da Ingilishi, wani ne zai tsaya gaban allo ya mayar da yaron da bai san baƙi ba mai karatu. Shin shi wannan malami an koya masa yadda ake yin haka? Idan kuma ya kakare, wa zai kama masa?

Alƙaluma sun riga sun ba da amsa. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A nan Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan uku cikin kowane yara huɗu 'yan shekara 7 zuwa 14 ba su mallaki tushen karatu ba. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum, sun sa kayan makaranta, sun zauna a aji, amma shekaru suna wucewa ba su haɗa baƙi da wasali ba.

Iya karatu daban, iya koyar da shi daban. A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, na san rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Ingilishi ba shi da shi: wasula biyar ne, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Yaron da aka koya wa sautin "b" da "a", ya haɗa "ba", ya kama hanya. Sai dai akwai wuraren tuntuɓe da malami ba zai lura da su ba sai an nuna masa. Akwai haruffa masu lanƙwasa, waɗanda su ne suka raba "baki" da "baƙi", suka raba "dauri" da "ɗauri". Akwai tagwayen baƙaƙe irin su "sh" da "ts" da "ƙw", waɗanda yaro zai ɗauka sauti biyu ne. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya a takarda, sai jimla ta raba gardama. Yaron Sakkwato da ya tashi yana cewa "hwara" zai tarar da "fara" a littafi. Ga kuma 'ya'yan Fulani da Barebari da sauran ƙabilu, waɗanda Hausar ma harshe na biyu ce a wurinsu.

Malamin da bai san waɗannan ba, dabara ɗaya ta rage masa: ya rubuta jimla a allo, ya karanta, aji ya amsa baki ɗaya. Na sha shiga irin waɗannan azuzuwa. Za ka ji murya ta cika ɗaki har ka yi murna, amma da zarar ka ware yaro ɗaya ka nuna masa kalma daga tsakiyar jimlar, sai ya yi shiru. Hadda ya yi. Abin mamaki, makarantar allo ta daɗe da gane wannan, shi ya sa take fara wa yaro da babbaƙu, sannan farfaru, kuma kowane almajiri sai ya biya allonsa a gaban malam shi kaɗai.

A nan ne aikin ƙwararren mai koyar da karatu yake. Ba sufeto ba ne mai zuwa duba rajista da neman laifi. Gogaggen malami ne da aka ba horo na musamman, aka ba shi makarantu ƙalilan yana zagayawa. Yakan zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya ware yara kaɗan ya auna kalmomi nawa kowannensu yake karantawa daidai cikin minti ɗaya, ya karɓi alli ya gwada darasin a gaban malamin, sannan su keɓe su biyu ya nuna masa gyara ɗaya ko biyu, ya dawo bayan mako biyu ko uku ya ga yadda aka yi. Shi ne zai gane yaron da matsalarsa ta ido ce ko ta kunne, kafin a yanke masa hukuncin daƙiƙanci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. Zamanin En'e akwai malamai masu zagaya makarantu, kuma marigayi Alhaji Shehu Shagari ya yi wannan aiki a Lardin Sakkwato a shekarun 1950. Ko gwajin nan na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, wanda muke yawan kafa hujja da shi, ba sauya harshe zuwa Yarabanci kaɗai aka yi ba: an rubuta littattafai, an horar da malamai, an kuma sa ƙwararre ya koyar da Ingilishi a matsayin darasi. A Kenya, shirin Tusome da aka fara a 2015 ya raba littattafai ga yara, ya kuma ɗora wa jami'an manhaja nauyin shiga aji suna kallon darasi, suna aika rahoto ta na'ura.

Mu ma an gwada a nan. Shirin ESSPIN na Birtaniya, wanda ya yi aiki a Kano da Kaduna da Jigawa daga 2008, ya horar da jami'an tallafa wa makarantu. Shirin NEI Plus na USAID ya kawo littattafan "Mu Karanta!" a Bauchi da Sakkwato daga 2015, shirin RANA kuma ya yi irin wannan aiki a Katsina da Zamfara. Sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Illar ita ce, kayan aro ba ya rufe katara. Shiri yana ƙarewa, kuɗin man babur ya tsaya, ziyara ta tsaya. Ita kanta USAID gwamnatin Amurka ta rushe ta a 2025. Duk jihar da take jiran Bature ya dawo ya koya wa 'ya'yanta karatu, ta shirya dogon jira.

Hanyoyin da muka saba bi biyu ne, kuma babu wadda ta kai mu gaci. Ta farko taron bita: a tara malamai kwana uku a babban ɗaki, a raba jaka da alawus, kowa ya koma ajinsa ya ci gaba da abin da ya saba. Ta biyu kora: a 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 daga cikin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, ta sallame su. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, wanda aka ɗauka a gurbin korarre shi ma daga kwalejojin ilimin nan ya fito, yana kuma buƙatar mai kama masa hannu.

Shawarata ga gwamnonin Arewa da hukumomin SUBEB ita ce su mayar da wannan aiki muƙami na dindindin a kowace ƙaramar hukuma, mai albashi da matakan ƙarin girma, don kada gwanin malamin aji ɗaya ya ga ba shi da hanyar ci gaba sai ya koma ofis. A zaɓo su daga cikin aji bisa cancanta, ba da takardar ɗan siyasa ba. A raba aikinsu da na sufeto, domin malami ba zai bayyana rauninsa ga mai rubuta masa takardar tuhuma ba. Kuɗin kuwa akwai inda za a samo: dokar 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma akwai kason horar da malamai a ciki. A karkatar da wani abu daga kuɗin bita zuwa ziyarar aji. Jihar Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ta fi kowa dacewa da fara gwadawa.

Mu ma na jami'o'i da kwalejojin ilimi akwai namu. Sassan Hausa da na Ingilishi da tsangayoyin ilimi ya kamata su haɗu su tsara kwas na koyar da karatun farko, wanda ɗalibi ba zai ci ba sai an gan shi ya koya wa yaro karatu.

Ina nan a kan bakana cewa yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake ji, daga nan ya haye zuwa Ingilishi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke aji ɗaya a bana ba zai jira mu gama gardama ba. Allah Ya sa masu iko su ji.