Ga Magidantan Rimawa Masu Marmarin Komawa Karatu

Duk wanda ya san cewa a Wurno aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, malamin da ya bar wa al'umma tasnifai masu ɗimbin fa'ida, lalle ba zai yarda a ce magidancin Rabah ko Goronyo, wanda noman albasa da ɗawainiyar iyali suka raba shi da littafi, ya wuce munzalin komawa karatu ba. Shawararmu, kada a fara masa da mai nauyi. A miƙa masa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda gasar rubuta littattafai ta 1933 ta haifar, domin gajere ne, Hausarsa sassauƙa, kuma artabun Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba zai bar shi ya ajiye ba. In ya kammala, sai a miƙa masa littafin Shaihu Umar.