A auna ƙara tun kahin a yanka hilaye

Garuruwan jihar Maraɗi suna ta faɗaɗa, gonakin bakin gari suna komawa unguwanni. Haka abin yake a Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, haka kuma a Agye da Gazawa. In za a yi rabon hilayen zama, wato lotisma, akan duba iyakoki, da faɗin tituna, da hanyar ruwan damina. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko waɗanda za su zauna wurin za su samu barci.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai zuwa Damagaram da Diffa, ta ratsa Gidan Rumji da Agye da Gazawa, kuma manyan motoci ba su san dare ba. Cikin ƙauyuka kuwa ga injin niƙa, ga gurup na wuta, ga masu walda, ga tashar kabu-kabu. Dukansu sana'o'i ne na halal, gari ba ya ci gaba sai da su. Laihin yana ga tsarin da ke haɗa bangon inji da bangon ɗakin kwana.

Ƙara tana da ma'auni, sunansa desibel. A shekarar 1999 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 cikin ɗakin kwana da dare, 35 cikin ajin lakwal, 55 a tsakar gida da rana. Wanda ke shan desibel 85 awa takwas kullum, kunnensa na cikin hatsari. Rashin barci kuwa yana tayar da hawan jini, yana hana yaro kama karatu. A ƙasar da jama'a ke kwana waje dukan bazara saboda zahi, ba ginin da ke tare musu ƙara.

Doka ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998, wadda ta shafi kula da muhalli, ta hana ƙarar da ke cutar da lahiya ko ta takura wa maƙwabta. Doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayu 2018 ta kafa ƙa'idodin binciken muhalli kahin manyan ayyuka. Amma rabon hilaye ashirin a bakin ƙauye yakan wuce ba wanda ya kasa kunne, alhali nan ne talaka ke zuba kuɗin gyaɗa da waken da ya tara shekara da shekaru.

Maganin ba shi da tsada, domin tazara ita ce babban magani. A hili buɗaɗɗe, duk lokacin da aka ninka nisa daga inji, ƙararsa na raguwa da kamar desibel 6. Misali, injin da ke ba da 85 a nisan mita 1, zai ba da 67 a mita 8, ya sauka 55 a wajen mita 32. Ƙarar hanyar mota ta hi wuyar mutuwa, don ninkin nisa ba ya rage mata sai kamar desibel 3. Saboda haka layin farko na bakin kwalta ya hi dacewa da shaguna da rumbunan ajiya, gidaje su koma bayansu.

Ya kamata hukumomin kwamin, tare da kwamitocin kula da ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa, su ɗora sharaɗi guda bisa kowane lotisma: a auna ƙarar wurin da safe, da tsakar dare, da ranar kasuwa, a rubuta abin da aka samu, a karanta shi gaban hakimai da masu saye. A keɓe wa injina da masu walda nasu yanki tun cikin zane, nesa da lakwal da gidan likita. Na'urar awo guda ta isa gunduma, a riƙa yawo da ita kwamin-kwamin.

Wannan tsari kariya ne ga mai sana'a ma. Mai injin da ya kafa rumfarsa tun wurin yana gona, in gidaje suka kewaye shi, shi za a kai ƙara gaban hukuma, a ce ya tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gusar da turken iyaka bisa takarda aikin rana guda ne, amma gidan da aka gina aka tare da iyali ba ya gusawa. Don haka wajibi ne magidanta su tambayi sakamakon awo kahin su biya ko dala, hukuma kuma kada ta sa hannu ga zanen da ba shi da shi.