Jijjigar masu ciki da allurar da ta kamata ta isa Gwaram

Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, ita ce farfaɗiyar da hawan jini ke jawo wa mai juna biyu, kuma binciken da likitocin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu suka wallafa a 2007 ya sanya ta a sahun gaba cikin masu kashe mata wajen haihuwa, musamman 'yan cikin fari da ba su taɓa zuwa awo ba. Dakta Jamilu Tukur, ɗaya daga cikin masu binciken, yana cikin jagororin aikin da ya shigar da allurar maganeziyam salfet asibitocin Kano goma a 2008, inda aka horar da likitoci da ungozomomi, mace-macen masu jijjiga kuma suka sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin ɗari. Maganin ba shi da tsada, kulawarsa ce ke son natsuwa, domin kafin a maimaita allura sai ungozoma ta ƙirga numfashi, ta auna fitsari, ta ƙwanƙwasa gwiwar majiyyaciya ta ga ko ƙafa za ta harba. Abin takaici shi ne matar ƙauyen Gwaram da ciwon ya kada cikin dare takan sha doguwar hanya kafin Birnin Kudu, alhali allurar farko aikin ƙaramin asibiti ce, muddin likitocin cibiyar suka fita suka horar da ma'aikatan karkara, gwamnatin Jigawa kuma ta tabbatar maganin bai yanke ba.