Tsamin da ke cinye haƙoranmu a ɓoye

Kwanan baya na kai ɗana mai shekara 9 wurin likitan haƙori, domin ko ruwan randa ya kurɓa sai ya yamutsa fuska. Na zaci kogo ne. Likita ya duba ya ce babu ko ɗaya, ɓawon haƙoran ne ya zaizaye. Da ya tambayi abin da yaron ke sha kullum, sai kunya ta kama ni, don da hannuna nake sa masa lemon kwalba a jakar makaranta.

Mai karatu, wannan farin ɓawo da likitoci ke kira inamel ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinin kalsiyam da fosfet ne, a jere cikin siraran sanduna kamar daurin kara, kuma inda ya fi kauri bai wuce milimita 2.5 ba. Sai dai ba shi da ƙwayoyin halitta masu rai, saboda haka abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. Na haƙoran yarinta kuwa ya ma fi siranta.

A ma'aunin tsami na pH, ma'adinin yakan fara narkewa daga 5.5 zuwa ƙasa, alhali lemon kola na wajen 2.5. Zobo da tsamiya da lemon tsami ma ba a bar su a baya ba. In muka ce tsami ya kashe mana haƙora, gaskiya muka faɗa ba mu sani ba.

A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari. Madalla, amma a ganina an tsaya rabin hanya, domin lemon da ba sukari ma tsaminsa na nan. Gyaran yana hannunmu iyaye. A sha abin tsami tare da abinci, a daina yini ana kurɓa. A kurkure baki da ruwa, a jinkirta buroshi ko asuwaki kamar awa guda, don yawu ya samu damar ƙarfafa ɓawon da ya yi laushi. A riƙa amfani da man goge baki mai fulorayid.

Ni dai yanzu gorar ruwa nake sa wa ɗana. Rigakafi ya fi magani, balle ga abin da ba ya tsirowa sau biyu.