Fatar da ba ta magana

Wata sabuwar kwalliya ta ɓullo a wajen masu gyaran gita na Turai da Amurka: su yanko ƙyallen fata mai laushi su lulluɓe mikiron gitar lantarki da shi. Abinsu ne, ba mu da ta cewa. Abin da ya dame ni shi ne jin wasu ƴan'uwa a ƙungiyoyinmu na al'adu suna cewa in matasan Magarya da Dungas sun yi koyi, to gita ta zama tamu, an raya gargajiya. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ya kamata malamai su fara ƙin ta.

Mu dubi yadda abin yake aiki. Mikiron nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi ba kunne ba ne. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, shi ne ampili ke ƙarfafawa. Fata ba ƙarfe ba ce: maganaɗisu bai san da zamanta ba. Ba ta ƙara wa sauti zaƙi, ba ta kuma tare gurnanin lantarki kamar yadda murfin ƙarfe yake yi. Abin da take yi kawai shi ne cin wuri. Tazarar da ke tsakanin mikiro da tsirkiya milimita biyu zuwa uku ce. In fata ta cinye ɗaya, dole a sauke mikiron ƙasa, sauti ya raunana. Ga zufar hannu da danshin damina, duk za ta shanye.

To, a gurmi fa? A can fata ita ce maƙogwaro. Kan fatar da aka ɗaure a bakin ƙwarya jaki yake zaune, ita ke karɓar girgizar tsirkiya ta mayar da ita murya. Shi ya sa mai goge yake neman fatar guza, shi ya sa makaɗi yake kusantar da kayansa ga wuta in sanyi ya sassauta fatar. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwani da fatar akuya da tsirkiya ɗaya ya zagaye duniya. Malam Maman Barka, ɗan Tesker a jihar nan tamu ta Damagaram, malamin makaranta kamarmu, gurmi ne ya fitar da sunansa kafin ya je bakin tafkin Cadi ya koyo biram don kada ya ɓace. Ya rasu a 2018. Wane ne a garuruwanmu ya gaje shi?

Kada a ce ina ƙin gita. Abzinawa sun mai da ita tasu ba tare da sun yi mata riga ba. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Bombino ya shiga takarar Grammy a 2019. Yatsu da kari da harshe ne suka yi wannan aiki.

Dukawa kuwa, in wani ya kawo musu gita ya biya, su yi masa, sana'a ce. Amma fatar jar akuya da aka jeme da bagaruwa, wadda fatake suka riƙa kai wa Arewacin Afirka har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, ta fi dacewa da maratayi da jakar gita, inda ƙarfinta zai yi amfani.

Kuɗin da ƙungiya za ta kashe a kwalliyar mikiro, ta nemo mai ɗaurin gurmi ɗaya a ƙauyukan Bande ko Dogo-Dogo, ta kawo shi gidan matasa ya zauna da yara goma tsawon hutun damina.