Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Kira Ga Samarin Ƙasar Gumel

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya zagaya Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar da hantsi, a lokacin da ya kamata a ce kowa yana bakin sana'arsa, zai tarar da majalisu cike da samari majiya ƙarfi, 'yan shekara ashirin da biyar zuwa talatin da ɗoriya, ana ta musun ƙwallon Turawa da siyasar da ba ta san da zamansu ba. Ka keɓe da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi me ya sa a gaba, amsar da za ka ji ba ta wuce biyu: ko ya ce babu jari, ko ya ce ai lokaci ya riga ya wuce masa. Amsa ta biyun nan ita ce ta fi tayar mana da hankali, domin talauci ana fita daga cikinsa, amma mutumin da ya yanke wa kansa hukunci tun yana da sauran ƙarfi, to ya rufe ƙofa ne ta ciki.

Ba mu musun cewa an sha wuya. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a Disambar 2020. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin shekarar aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris ɗin 2024. Wanda abincinsa ke kan babur ko dako tsakaninmu da ƙasar Damagaram ya san abin da ya gani. Wasu sun sayar da baburan, wasu sun nausa ci-rani Legas, wasu sun kama hanyar Agadas, wasu kuma, wa'iyazu billahi, sun koma ga ƙwaya don su manta. Haƙƙin da ke wuyan masu mulki yana nan, kuma ba za mu daina faɗa ba. Sai dai darasin da waɗannan shekaru suka karantar da mu shi ne, duk abincin da ya rataya ga buɗewar ƙofa ɗaya, to yana hannun mai makullin ƙofar. Abin da ba a iya rufe wa mutum shi ne ilimin da ke kansa da sana'ar da ke hannunsa.

Ya kai ɗan'uwa mai cewa ka girma, saurara ka ji. A shekarar 1980, lokacin da ƙasar Gumel ke cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnatin marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya. Su waye ɗalibanta? Magidanta ne masu gemu, manoma, leburori, masinjoji da matan aure, waɗanda za su wuni suna neman abin sawa a baka, da yamma kuma su zo su zauna a kan bencin da 'ya'yansu suka zauna da safe, suna haɗa baƙi da wasali. Da yawansu sun girmi malamin da ke karantar da su. Ba su da lantarki mai ɗorewa, ba su da wayar hannu, amma aikin ya yi armashi har hukumar UNESCO ta ba shi lambar yabo a 1983. Waɗannan mutane iyayenmu ne da kakanninmu. Shin wace kunya ce ta kama mu wadda ba ta kama su ba?

Haka abin yake tun a magabata. Malaman tarihi sun kawo labarin Al-Kaffal, mutumin Marwa a ƙasar Khurasan, wanda maƙerin kwaɗo da makulli ne har ya kai shekara talatin, daga nan ya juya ga karatun fiƙihu, bai gushe ba sai da ya zama jigo a mazhabar Shafi'iyya, ya rasu a shekara ta 417 bayan Hijira. Sibawaihi kuwa, kuskuren larabci ya yi a gaban malaminsa Hammadu ɗan Salama a Basra, aka gyara masa a bainar jama'a. Maimakon ya yi zuciya ya bar karatu, sai ya tafi ya lazimci Halilu ɗan Ahmad, har ya zama shi ne limamin nahawu alhali shi ba Balarabe ba ne. Kai da ka faɗi lissafi ko Turanci sau ɗaya a jarrabawar gama sakandare ka jefa takardunka ƙarƙashin katifa, ka auna kanka da wannan.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne zaton himma wani abu ne da zai sauko wa mutum rana ɗaya yana kwance, sannan ya tashi ya fara. Ba haka take ba. Duk wanda ya taɓa harda ya san cewa ranar farko ita ce mai nauyi, kuma daɗin karatu ba ya zuwa sai an wanke allo sau da yawa. Manomi ma ba ya jiran nishaɗi kafin ya yi shuka, ruwa na sauka yake fita. Aiki shi ke haifar da himma, ganin ɗan abin da ka cimma jiya shi ke tashinka yau.

Kuma ba a rasa abin yi a ƙasar nan ba. Riɗin da ake nomawa a gonakinmu har Japan da Turkiyya ake kai shi, zoborodonmu kuma yana isa Meziko. Kowace Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari na tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya, ana loda shanu da raƙuma da tumaki a manyan motoci. To wa ke cin ribar? Wanda ya iya awo da lissafi, ya san gyaran kaya da adana shi, ya iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Sauranmu dako muke yi musu. Ga Kwalejin Ilimi a cikin garin Gumel, ga jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa, kuma WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje wadda ba a tambayar mutum yawan shekarunsa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara da abubuwa huɗu. Na farko, ka tsayar da buri guda ɗaya, wanda za ka iya faɗarsa cikin jimla ɗaya, ka sa masa lokaci: gyara takardun sakandare bana, ko ƙware a walda ko ɗinki ko gyaran sola cikin shekara biyu, ko sauke littafi ɗaya a gaban malami kafin azumi. Mai bin zomo biyu ba ya kama ko ɗaya. Na biyu, ka gyara niyya, ka san don wa kake yi. Wanda ya tuna mahaifiyarsa da har yanzu take surfe don ta ciyar da shi, ya tuna ƙannensa da ke kwaikwayonsa, ba ya buƙatar wani ya zaburar da shi. Neman halal don rufin asiri ibada ne, kuma ƙuruciya amana ce da za a tambaye mu a kanta. Na uku, ka tsare lokacin bayan sallar asuba, ko da awa ɗaya ce kullum, domin awa ɗaya a rana ta haura awa 360 a shekara. Na huɗu, ka dubi majalisarka. In duk wanda ya ɗauki littafi sai an kira shi da sunan ba'a, to ka canza wurin zama. Ku nemi junanku ku uku ko huɗu masu manufa ɗaya, ku yi adashi, ku riƙa tambayar juna kowace Juma'a inda aka kwana.

Muna kuma kira ga iyayen gida masu sana'a da malaman zaure da kada su kori babba don ya zo a makare, kada kuma su wulaƙanta shi a gaban yara. Wanda ya haɗiye girman kansa ya zo koyo ya riga ya yi rabin aikin.

Ya kai ɗan'uwa, shekara biyar masu zuwa, in Allah Ya ba ka rai, za su wuce ko ka yi wani abu ko ba ka yi ba. Kafin ka naɗe wannan jarida, ka rubuta abin da ka ƙudura a bayanta, gobe Asabar kuma ka je wurin wanda zai koya maka ka yi sallama.

Allah Ya raya zukatanmu, Ya sa albarka a ƙuruciyarmu, Ya kare mu daga kasala da mutuwar zuciya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.